Shafin Intanet Da Mai Amfani Da Shi: Darasi Ga 'Yan Kasuwa Da Ma'aikata Da Sauran Jama'a

An shirya wannan darasi ne domin mutane kashi uku. Na farko shi ne ɗan kasuwa wanda yake da niyyar buɗe shafin intanet don tallar hajarsa. Na biyu ma'aikaci wanda aka ɗora wa nauyin lura da shafin ofishinsu. Na uku kuwa, waɗanda su ne suka fi yawa, sauran jama'a ne da larura take kai su irin waɗannan shafuka ko suna so ko ba sa so. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB take yin jarrabawarta duka a kan kwamfuta. Mai neman fasfo, da mai son yi wa kamfaninsa rajista, da mai biyan kuɗin makarantar ɗansa, da yawansu sai sun bi ta wani shafi kafin bukata ta biya. Saboda haka maganar yadda ake tsara shafukan nan ta wuce a bar wa masana kwamfuta su kaɗai.

Sau da yawa mutum yakan shiga shafi ya yi ta lalube, ya kasa, ya fito yana zargin kansa da rashin sani. Sai ya cire kuɗin mota ya tafi shagon kwamfuta, ya biya wani yaro ya cika masa fom. Abin da darasin nan zai nuna shi ne, in mutum mai hankali wanda ya iya karatu ya kasa yin abin da ya kawo shi, to, galibi laifin yana wuyan wanda ya tsara shafin. Kuma wannan kasawa ba ta tafiya a banza. Ko dai mai shafi ya yi hasarar ciniki, ko mai amfani ya yi hasarar kuɗi da lokaci, ko kuwa duka biyu.

Mene Ne Sauƙin Amfani?

Wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ne ya ƙago yanar gizo sa'ad da yake aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN, kusa da birnin Janiba na ƙasar Suwizalan. Ya gabatar da shawararsa a 1989, shafi na farko ya bayyana ga jama'a a 1991, sa'an nan ran 30 ga Afrilu 1993 cibiyar ta saki wannan fasaha kyauta. Daga nan kowa ya sami ikon gina shafi ba tare da neman iznin kowa ba. Wannan alheri ne babba, amma ya zo da matsalarsa. Mai gina bene a birni sai hukuma ta duba zanensa. Mai gina shafi kuwa babu wanda yake duba ko ya sa ƙofa a inda baƙo zai gan ta.

Don haka masana suka fito da wasu tambayoyi waɗanda ake auna shafi da su. Baƙon da bai taɓa shiga ba, zai iya gama aikinsa tun karon farko? Wanda ya saba, minti nawa aikin yake cinye masa? In ya yi wata uku bai leƙo ba, ya dawo, zai tuna hanya? Kuskure nawa yake yi, in kuma ya yi, yana iya gyarawa nan take ko sai ya koma farko? Amsar waɗannan ita ce abin da muke nufi da sauƙin amfani. Ado da launi suna da muhallinsu, amma a baya suke zuwa.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mai shafi ya sani game da yadda mutane suke karatu a fuskar kwamfuta. A 1997 Jakob Nielsen, wani masani haifaffen ƙasar Denmak da ke aiki a Amurka, tare da abokin aikinsa John Morkes, sun sa mutane a gaba suna lura da su. Sai suka tarar 79 cikin 100 ba sa bin rubutu layi-layi, ido kawai suke kaiwa nan da can suna neman kalmar da ta shafe su. Mutum 16 kaɗai cikin 100 suke karantawa kalma bayan kalma. To, ka ga wanda ya cika fuskar farko ta shafinsa da jawabin maraba, da tarihin kafa kamfani, da babban hoton shugaba, ya ɓoye farashi da lambar tarho can ƙasa, ya faranta wa shugaba ne kawai. Mai saye ba wannan ya zo nema ba.

Labarin Boo.com

A 1998 wasu 'yan ƙasar Suwidin su uku, Ernst Malmsten da Kajsa Leander da Patrik Hedelin, suka kafa kamfani a Landan mai suna Boo.com, don sayar da tufafin yayi da kayan wasanni ta intanet. Zamanin nan masu kuɗi na Turai da Amurka ruguguwa suke yi wajen zuba jari a duk abin da aka ce na intanet ne. Manyan attajirai suka sa hannu, cikinsu har da Bernard Arnault na Faransa da iyalin Benetton na Italiya. Kamfanin ya buɗe ofisoshi a birane da dama, ya ɗauki ma'aikata wajen 400, ya ƙudura zai fara ciniki a ƙasashe 18 a lokaci guda, kowace da kuɗinta da tsarin harajinta.

Bayan jinkiri na watanni, aka buɗe shafin a watan Nuwamba 1999. Wanda ya gan shi a ofishin kamfanin, inda layi yake da ƙarfi, lalle zai yi sha'awarsa. Kana iya juya takalmi ka ga gabansa da bayansa da ƙasansa. Akwai wata 'yar zane da suka raɗa wa suna Miss Boo, takan fito tana ba mai saye shawara. Amma masu sayen ba a ofishin kamfani suke ba. Yawancinsu a gida suke, suna shiga intanet ta layin tarho da wata na'ura wadda iyakar gudunta kilobit 56 a daƙiƙa, watau kimanin kilobait 7. Shafin farko na Boo kuwa nauyinsa ɗaruruwan kilobait ne. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: kilobait 400 za su ci kusan minti ɗaya, ko da layi lafiya lau yake, kuma da wuya layin gida ya kai wannan gudu. Wannan fa kafin mutum ya ga ko riga ɗaya ke nan. Daɗin daɗawa, sai ya sa wata manhaja da ake kira Flash kafin hotunan su yi aiki, tagogi ƙanana suna ta buɗewa a kan juna, mutum ya rasa inda yake. Masu kwamfutar Macintosh ma da farko shafin ƙin yi musu aiki ya yi.

Daga baya kamfanin ya rage wa shafin nauyi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Wanda ya zo sau ɗaya ya sha wuya, da kyar yake komowa, kuma sai ya faɗa wa na kusa da shi. Ran 18 ga Mayu 2000, wata shida kacal bayan buɗewa, kamfanin ya durƙushe, bayan ya kashe kimanin dala miliyan 135 cikin wata 18. Fasahar da aka ɓatar da dukiya wajen ƙerawa, a kan fam 250,000 aka sayar da ita.

Adalci ne a faɗi cewa ba tsarin shafi kaɗai ya kashe Boo.com ba. An yi almubazzaranci wajen talla da ofisoshi da tafiye-tafiye, kuma a watannin Maris da Afrilu na 2000 darajar hannun jarin kamfanonin fasaha ta faɗi warwas a Amurka, masu kuɗi suka ɗaure bakin jaka. Amma a ganinmu, kamfanin da ciniki yake shigo masa yakan iya jure wa irin wannan guguwa. Wannan kuwa ya kashe miliyoyi wajen kiran mutane zuwa shago, da suka zo suka tarar ƙofa ba ta buɗuwa.

Kada wani ya ce ai wannan labarin zamanin layin tarho ne. Binciken da kamfanin Google ya fitar a 2016 ya nuna cewa in shafi ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe a wayar hannu ba, 53 cikin 100 na masu shiga sukan juya su tafi. A ƙasarmu, inda wayar salula ta GSM ta fara aiki a watan Agusta 2001, yawancin jama'a ta waya suka san intanet, ba ta kwamfutar tebur ba, kuma data da kuɗi ake sayenta. Duk hoton da ba shi da amfani, duk bidiyon da yake kunna kansa ba a tambaye shi ba, daga aljihun mai shiga ake biyansa. Mai tsara shafi yana zaune a ofis mai sanyi da kwamfuta mai faɗi da layi mai ƙarfi, mai saye kuwa yana tsaye a bakin kasuwa cikin rana, da 'yar waya mai tsagaggen gilashi, layi yana zuwa yana ɗaukewa. Domin na biyun nan ake gina shafi. Tun 2010, lokacin da wani mai zane, Ethan Marcotte, ya bayyana dabarar yin shafi ɗaya da yake daidaita kansa da girman kowace fuska, babu sauran uzuri ga shafin da sai an ja hagu an ja dama kafin a karanta layi ɗaya. Daga Afrilu 2015 kuma Google ya fara fifita shafukan da suka dace da waya wajen jera sakamakon bincike a waya. Watau shafin da bai dace ba, ko ganinsa ma ba a cika yi ba.

Sabo Da Gajarta Hanya

Dattawa za su tuna ran 2 ga Afrilu 1972, da Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama, da irin wayar da kai da aka sha yi kafin ranar. Dalili shi ne sabo yana da wuyar sakewa. Haka abin yake a intanet. Mai shiga shafinka ya riga ya shiga ɗaruruwan shafukan wasu, ya saba alamar kamfani tana sama, in ya latsa ta sai ta mai da shi shafin farko, ya saba hoton madubin ƙara girma wurin bincike ne, hoton kwando kuma wurin kayan da ya zaɓa. In mai tsarawa ya ce shi sai ya fita daban, ya sauya waɗannan, ya sa baƙinsa tuƙi a hannun da ba su saba ba, kuma babu wanda ya yi musu shela.

Kowane mataki da aka ƙara tsakanin mai saye da biyan kuɗi, akwai waɗanda za su zube a nan. Cibiyar Baymard ta ƙasar Denmak, wadda take tara alƙaluma a kan wannan, ta ƙiyasta cewa kimanin kwanduna 70 cikin 100 ake watsarwa ba a kai ga biya ba. Wasu dai dama kallo suka zo yi. Amma cikin manyan dalilan da sauran suke bayarwa akwai kuɗin aike da ba a faɗa ba sai a ƙarshe, da tilasta wa mutum ya yi rajista kafin ya sayi abu ɗaya, da fom mai tsawo. Kamfanin Amazon ya gane darajar gajarta hanya tun da wuri. A 1999 ya sami takardar mallakar wata dabara ta saye da latsawa ɗaya, ya kai abokin gasarsa Barnes & Noble kotu a kanta a wannan shekara, a 2000 kuma kamfanin Apple ya karɓi lasisin amfani da ita. Sai a 2017 wa'adin takardar ya ƙare. Madanni ɗaya ke nan manyan kamfanoni suka yi shari'a a kansa.

Gwamnatoci Biyu

Ɗan kasuwa in shafinsa ya yi wuya, mai saye sai ya tafi wani shago. Amma gwamnati ba ta da kishiya, mai neman takardar hukuma ba shi da wani wurin zuwa. Don haka nauyin da ke kanta ya fi girma.

Ran 1 ga Oktoba 2013 gwamnatin Amurka ta buɗe shafin HealthCare.gov, inda mutanen jihohi 36 za su sayi inshorar lafiya bisa dokar da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a 2010. An tsara shi a kan cewa sai mutum ya buɗe asusu kafin ya ga farashi. Wannan ya sa mai niyyar saye da mai leƙe kawai duk suka taru a ƙofa ɗaya. An yi tanadin mutum 50,000 zuwa 60,000 a lokaci guda, sai ga kimanin 250,000. Ba a kuma gwada tsarin daga farko zuwa ƙarshe ba sai ana saura 'yan makonni. Takardun da majalisar dokoki ta fitar daga baya sun nuna cewa mutum 6 ne suka kammala rajista a ranar farko. Sai da aka ɗauko ƙwararru suka yi wata biyu suna gyara, kuma a watan Agusta 2014 aka kafa wani sashe na musamman a fadar shugaban ƙasa don kada a maimaita irin wannan.

Biritaniya kuwa wata hanya ta bi. A 2010 wata 'yar kasuwa, Martha Lane Fox, ta ba gwamnati rahoto cewa a daina faci, a sake gini daga tushe. A lokacin kowace ma'aikata da hukuma tana da nata shafin, ɗaruruwansu, kowanne da nasa fasali, har ya zama sai ɗan ƙasa ya san wace ma'aikata ce take da alhakin abu kafin ya san inda zai nema. A 2011 aka kafa sashen ayyukan gwamnati ta intanet, ran 17 ga Oktoba 2012 kuma aka buɗe shafi guda mai suna GOV.UK. Kafin ƙarshen 2014 ma'aikatu da hukumomi fiye da 300 sun koma ƙarƙashinsa.

Ƙa'idar farko da suka ɗora aikin a kanta ita ce a fara da bukatar mai amfani, ba da bukatar ofis ba. Ga misali ƙarami. Sun lura mai neman ranakun hutun gwamnati yawanci abu ɗaya yake son sani, watau yaushe ne hutu na gaba. Sai suka sa wannan rana da manyan haruffa a saman shafin, sauran jerin ya biyo a ƙasa. Wajen fom, suka ɗauki al'adar yin tambaya ɗaya a kowane shafi, domin ta fi sauƙi a waya, in kuma an yi kuskure nan da nan ake ganin inda yake. Wajen rubutu, suka umurci ma'aikata su yi Turancin da ɗan shekara 9 zai iya karantawa, ba don sun raina jama'a ba, sai don ko lauya in yana sauri ya fi son magana a fili. Shafin ba shi da wani ado, baƙin rubutu ne a kan farar fuska, amma a 2013 shi ya ci kyautar zane ta shekara wadda gidan adana zane-zane na Landan yake bayarwa.

Akwai lissafin kuɗi a bayan wannan. Rahoton da gwamnatin Biritaniya ta fitar a Nuwamba 2012 ya nuna cewa biyan bukatar ɗan ƙasa ta intanet yana iya fin ta tarho araha kusan sau 20, ya fi ta gidan waya kimanin sau 30, ya fi zuwa ofis ido da ido har sau 50. Amma wannan rangwame ba ya samuwa sai in mutumin ya gama aikinsa a shafin. In ya kasa ya taho ofis, an biya kuɗin shafi, an kuma biya kuɗin layi.

Gwaji Da Mutum Biyar

Yaya mai shafi zai san ko nasa yana da sauƙi? Ba ta tambayar wanda ya gina shi ba, gama shi ya san inda ya ajiye kome. Ba kuma ta tambayar abokai ko ya yi kyau ba, don za su ce ya yi. Hanya ita ce a zaunar da mutum a ba shi aiki, a zuba masa ido. Bisa binciken da Nielsen ya yi da Thomas Landauer a 1993, mutum 5 sun isa su tono kimanin 85 cikin 100 na matsalolin shafi, domin daga nan matsalolin da aka riga aka gani ne suke ta maimaituwa.

Ga yadda ake yi. Nemo mutum biyar irin waɗanda za su yi amfani da shafin da gaske, ba ma'aikatanka ba. Kowanne ya zauna shi kaɗai, da wayarsa ta kullum. Ka ce masa, alal misali, "Nemo mini farashin buhun shinkafa, ka saye shi, a kai Gusau." Ka roƙe shi ya riƙa faɗin abin da yake tunani a fili, ka kuma tabbatar masa shafin ake gwadawa, ba shi ba. Sa'an nan ka yi shiru. Nan ne wuyar take, domin in ka ga yana neman madannin da ke gaban idonsa, bakinka zai yi ta ƙaiƙayi. Kada ka nuna masa, gama ranar da zai shiga daga gida ba ka nan. Rubuta duk inda ya tsaya. In mutum uku cikin biyar suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, wurin ne yake da dutse. A gyara, a sake nemo wasu biyar. In masu amfani da shafin iri-iri ne, kamar dillalai da masu sayen ɗai-ɗai, kowane kashi a gwada shi daban.

A irin wannan gwaji ne ake kama ƙananan abubuwa masu ci wa mutane rai. Fom ya ce "an sami kuskure" bai faɗi a wane gurbi ba. Ko ya share duk abin da aka rubuta saboda lamba ɗaya ta kuskure. Ko ya ƙi karɓar sunan Sa'adu da Ma'aruf saboda 'yar alamar da ke tsakiya, ya mai da Ɗanladi da Ƙaura Namoda wasu akwatuna marasa ma'ana. Haruffanmu masu lanƙwasa duk suna cikin tsarin Unicode da kwamfutocin duniya suke aiki da shi, saboda haka in shafi ya ƙi su, sakacin magini ne.

Haƙƙin Naƙasassu

Makaho yana amfani da intanet ta wata manhaja da take karanta masa rubutu da murya. Amma ba ta iya karanta hoto sai in magini ya rubuta bayaninsa a ɓoye a bayansa. Akwai kuma waɗanda ba sa bambanta ja da kore, da tsofaffi masu raunin gani, da waɗanda hannunsu yake rawa. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar da jagora a kan wannan tun 1999, ta sabunta shi a 2008. Kotuna ma sun shiga maganar. A 1999 wani makaho, Bruce Maguire, ya kai ƙarar kwamitin shirya wasannin Olimfik na birnin Sidni a Ostareliya saboda shafinsu ba ya karantuwa gare shi, a 2000 ya yi nasara, aka ba shi diyyar dalar Ostareliya 20,000. A 2008 kantunan Target na Amurka suka amince da biyan dala miliyan 6 don sasanta ƙarar da ƙungiyar makafi ta ƙasar ta shigar. A nan gida, an sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a watan Janairu 2019. Abin lura kuma, gyaran da aka yi don mai raunin gani, kamar baƙin rubutu sosai a kan fari da madanni mai girma, shi ne yake taimakon mai lafiyar ido da ke duba waya cikin hasken rana.

In Aka Juya Ilmin Don Cuta

Wanda ya san yadda ake sauƙaƙa hanya ya san yadda ake toshe ta. A 2010 wani masani ɗan Ingila, Harry Brignull, ya fara tattara irin dabarun da ake tsarawa da gangan don a sa mutum ya yi abin da bai yi niyya ba: gurbin da aka riga aka sa wa alamar yarda, da agogon ƙarya mai cewa rangwame zai ƙare nan da minti biyar, da madannin "na yarda" ƙato mai launi, na "ban yarda ba" kuwa ɗan mitsitsi a lungu. A watan Yuni 2023 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta kai Amazon kotu, tana zarginsa da shigar da mutane tsarin biyan kuɗi na Prime ba da cikakkiyar yardarsu ba, da kuma tsawaita hanyar fita har shafi 4 da latsawa 6. Kamfanin da ya yi suna da saye da latsawa ɗaya ke nan. A watan Satumba 2025 aka sasanta a kan dala biliyan 2.5, biliyan 1 tara, biliyan 1.5 kuma a mayar wa masu saye, ko da yake kamfanin bai amsa laifi ba.

Saboda haka, ya kai mai karatu, duk shafin da yake gaggauta ka, ka ƙara natsuwa. Kafin ka sa lambar katinka, duba ko biya ɗaya ne ko na wata-wata, ka kuma nemi yadda ake fita tun kafin ka shiga. In harkar gwamnati ce, duba adireshin da kyau, gama shafukan hukumomin gwamnati da .gov.ng aka tsara su ƙare, 'yan damfara kuwa sun iya kwaikwayon launi da tambari. Wanda wani kamfani ya cuta yana iya kai kuka ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, watau FCCPC.

Kafin Ka Biya Mai Gini

Ɗan kasuwa ko shugaban ofis da zai ba da kwangilar shafi, ya fara rubuta ayyuka uku ko huɗu da yake son baƙo ya iya yi, ya sa su cikin yarjejeniya, tare da sharaɗin cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai an yi gwajin mutum biyar a kan waya mai araha. Sunan adireshin shafi, ko mai ƙarewa da .ng ne wanda ƙungiyar NiRA take kula da shi, ko waninsa, lalle a yi rajistarsa da sunan mai shago ko na ofis, ba da sunan magini ba, a kuma karɓi kalmomin sirri duka a rubuce a adana. In ba haka ba, ranar da aka ɓata da magini, ko ya bar gari, shago ya tafi da shi. Adireshin nan haya ce, ana sabunta ta in wa'adi ya cika, yawanci shekara-shekara, haka ma wurin da ake ajiye shafin. A sa wannan cikin kasafin kowace shekara, a kuma naɗa mutum ɗaya sananne wanda aikinsa ne ya gyara farashi in ya sauya, ya cire sanarwar da ta wuce, ya kira lambar tarhon da ke shafin sau ɗaya a wata ya ji ko akwai mai ɗauka.